Babi na Shida: Ɗaki a New York, Gida a Houston

A watan Mayun 2022 kuɗin haya a Manhattan, tsakiyar birnin New York, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Rabin waɗanda suka kama sabuwar haya a watan sun sa hannu a kan biyan dala 4,000 ko fiye duk wata. Da mai wannan kuɗi zai nausa kudu maso yamma, tafiyar kilomita sama da 2,200, ya sauka a Houston, zai iya biyan bashin banki na gida sukutum mai ɗaki huɗu, da garejin mota biyu, da ɗan fili a baya inda yara za su yi ta guje-guje. Wannan lissafi ne a bakin duk wanda ya ɗaure kayansa ya bar New York ya koma jihar Texas, kuma babu ƙarya a cikinsa. Sai dai bai kai ƙarshe ba, domin kowane birni cikin biyun yana da ƙofar da yake tare mazauninsa ya karɓi nasa.

New York ne birni mafi yawan jama'a a Amurka. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 8.8 a gundumominsa biyar, wato Manhattan, Brooklyn, Queens, Bronx da Staten Island, cunkushe a ƙasar da ba ta cika murabba'in kilomita 800 ba. Houston ne na huɗu, da mutum miliyan 2.3, amma faɗinsa ya ninka na New York har da ɗoriya. Ke nan filin da ɗan Houston ɗaya ke miƙe ƙafa a kai, a New York mutum kusan takwas ne ke gogayyar kafaɗa a cikinsa.

Wanda ya hau sama da wanda ya bazu

Ruwa ne ya yi wa New York iyaka. Manhattan tsibiri ne, haka Staten Island, Brooklyn da Queens kuma suna kan tsibirin Long Island. Bronx kaɗai ke manne da sauran ƙasar Amurka. Da birnin ya rasa inda zai faɗaɗa, sai ya hau sama. A 1915 aka kammala ginin Equitable mai hawa kusan 40, wanda ya tare wa maƙwabta rana har ofisoshinsu suka koma duhu. Koke ya yi yawa, kuma a 1916 birnin ya kafa dokar tsara gine-gine, irinta ta farko a Amurka da ta game birni baki ɗaya. Ita ke faɗin inda za a yi masana'anta, inda za a yi gidan kwana, da yadda bene zai riƙa tsukewa yana tashi don haske ya sauka titi. A 1961 aka sake ta, aka ƙara tsaurarawa. Tun daga nan gina sabon gida a New York ya zama aikin lauyoyi da zaman sauraron jama'a kafin ya zama aikin magina.

Houston kuwa kasuwanci ne ya haife shi. A 1836 wasu 'yan'uwa biyu dillalan filaye, Augustus da John Kirby Allen, waɗanda su kansu daga jihar New York suka zo, suka sayi ƙasa a bakin rafin Buffalo Bayou, suka yanka fulotai, suka raɗa wa wurin sunan Janar Sam Houston da ya ci yaƙin San Jacinto a wannan shekara. Wurin shimfiɗaɗɗiyar fadama ce mai yumɓu da sauro. Abu uku ne suka ɗaga shi cikin shekara goma sha biyar: guguwar 1900 da ta ragargaza Galveston, tashar jiragen ruwan da ke kishi da shi, man fetur da ya ɓarke a Spindletop a 1901, da mashigin jiragen ruwa da aka haƙa aka buɗe a 1914. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na'urar sanyaya ɗaki ta ƙarasa aikin.

Sau uku, a 1948 da 1962 da 1993, aka tambayi mutanen Houston ko suna son dokar tsara gine-gine irin ta sauran birane, sau uku suka ce a'a. Har yau shi ne babban birnin Amurka da ba shi da ita. Akwai dai ƙa'idoji, kamar sharuɗɗan da unguwanni ke rubutawa a takardun filayensu, amma baƙo zai iya ganin shagon faci, gidan kwana, coci da dogon bene a jere a titi ɗaya. A 1998 hukumar birnin ta rage mafi ƙanƙantar fulotin da aka yarda a gina a tsakiyar gari daga murabba'in mita kusan 465 zuwa 130, a 2013 ta faɗaɗa sassaucin. Inda da gida ɗaya ne, sai ga siraran benaye uku sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, dubbai daga cikinsu.

Neman wurin kwana

Binciken gidaje da hukumar New York ta yi a 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na gidajen haya ne kawai ke fili ana neman mai shiga, mafi ƙaranci tun 1968. A gidaje masu araha ko kashi ɗaya bai kai ba. Wannan kuwa a birnin da kashi biyu cikin uku na magidanta 'yan haya ne.

Mai neman ɗaki yakan ci karo da wata al'ada ta masu gidaje: sai ya nuna takardar cewa abin da yake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40. Gidan dala 2,500 ke nan yana neman mai samun dala 100,000, alhali iyali mai matsakaicin ƙarfi a birnin bai kai nan ba. Wanda ya gaza sai ya kawo mai tsaya masa, ko ya haɗa kai da wasu su raba ɗakuna, ko ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Queens wanda hukuma ba ta san da zamansa ba. Abin da ke riƙe talaka a birnin shi ne gidaje kusan miliyan ɗaya da doka ta ƙayyade ƙarin hayarsu. Wani kwamiti mai mutum tara, wanda magajin gari ke naɗawa, shi ke yanke abin da za a ƙara duk shekara. Wanda ya dace da irin wannan gida yakan riƙe shi har tsufa, ko da bututun ruwa na zuba, ko da iyali sun yi wa ɗakin yawa.

A Houston darajar gida na tsaka-tsaki kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta takwaransa a New York, kuma yankin kusan kullum yana sahun gaba a Amurka wajen yawan sabbin gidaje. Direban babbar mota da ma'aikaciyar jinya, idan suka haɗa albashi, suna iya mallakar gida a Katy ko Missouri City kafin babban ɗansu ya shiga sakandare. Amma wanda bai kai ga saye ba, a sarari yake. Dokar Texas ba ta bar birane su ƙayyade haya ba, kuma wa'adin kwana uku ya isa mai gida ya ba ɗan haya kafin ya kai shi kotu. A New York, tun 2017, ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi da aka nemi kora yana da haƙƙin a ba shi lauya kyauta.

Batun marasa matsuguni ya nuna halin biranen biyu. New York ya ɗauki alkawari a gaban kotu tun 1981 cewa zai ba mai buƙata gadon kwana. Da gwamnan Texas, Greg Abbott, ya fara loda masu neman mafaka a motocin safa yana tura su can a 2022, wasu kuma suka zo da ƙafarsu, ciki har da matasa da yawa daga Senegal, Gini da Muritaniya, yawan masu kwana a matsugunan birnin ya haura 100,000. Houston bai yi wa kowa irin wannan alkawari ba. Abin da ya yi tun 2011 shi ne haɗa ƙungiyoyin agaji wuri guda su kama wa mutum gida kai tsaye, sannan a duba sauran matsalolinsa, kuma ya rage yawan marasa matsuguni da fiye da rabi. Arahar haya ce ta sa hakan ya yiwu.

Jirgi da mota

Da asuba jirgi mai lamba 4 yakan taso daga Woodlawn, can arewacin Bronx, ya biyo saman titin Jerome a kan gadar ƙarfe, ya wuce filin wasa na Yankee, sannan ya nutse ƙarƙashin ƙasa ya nufi Manhattan da Brooklyn. A cikinsa akwai ma'aikatan asibiti cikin shuɗin kayan aiki, magina da takalmansu masu ƙurar siminti, masu gadi da suka tashi daga aikin dare suna gyangyaɗi, mata masu kula da tsofaffi a gidajen masu hali. Babu mai kallon wani. Kowa ya biya kuɗi ɗaya, ko tasha biyu zai yi ko talatin.

An buɗe wannan jirgin ƙarƙashin ƙasa a watan Oktoban 1904. Yau yana da tasha 472, kuma ba ya kwana. Saboda shi ne fiye da rabin gidajen New York ba su da mota, abin da babu kamarsa a manyan biranen Amurka. A 2024 katin shiga na wata ɗaya dala 132 ne, wato ƙasa da dala 1,600 a shekara. Jirgin yana da nasa aibin. Wasu na'urorin ba da hannu tun shekarun 1930 suke aiki, tashoshi kan yi zafi kamar gidan burodi da bazara, ɓeraye na kai-komo tsakanin dogo, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tashoshin ne kaɗai mai keken guragu zai iya shiga. Ɗan New York yakan ci minti 40 kafin ya isa wurin aiki, yawanci a tsaye.

Ɗan Houston yakan isa nasa cikin ƙasa da rabin awa, a zaune, cikin sanyin mota. Birnin manyan tituna ne suka yi masa zobe uku, kuma titin Katy da aka faɗaɗa a 2008 kan kuɗi kusan dala biliyan 2.8 ya kai layi 26 a wasu wurare, idan an haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru cunkoso ya dawo. Jirgin ƙasa na cikin gari sai a 2004 ya fara aiki, tsawon layukansa duka bai kai kilomita 40 ba, kuma masu zuwa aiki a motar haya ko jirgi ba su kai mutum ɗaya cikin ashirin ba.

Nan ne kuɗin da aka tsira da shi a haya ke fara zubewa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2023 cewa riƙe sabuwar mota na cin sama da dala 12,000 a shekara, idan an haɗa bashi, inshora, mai, gyara da faɗuwar daraja. Tsohuwar mota ba ta kai haka ba, amma gidan da miji da mata ke aiki mota biyu yake buƙata, kuma da yaro ya kai shekara 16 ana maganar ta uku. Ranar da injin ya buga, aikin ma yana iya tafiya. Tsoho da ya daina gani sosai, yaro ɗan shekara goma sha biyu, da baƙuwar da ba ta koyi tuƙi ba, duk sai sun jira mai kai su. A New York su ukun za su fita su dawo ba tare da sun roƙi kowa ba.

Akwai kuma farashin da ba na kuɗi ba. A 'yan shekarun nan haɗarin mota yana cin rai kusan 300 ko fiye duk shekara a Houston. A New York, mai jama'a kusan ninki huɗu, adadin bai kai 300 ba. Haka batun kisan kai. Fina-finai sun bar wa New York sunan da ya samu a 1990, shekarar da aka kashe mutum 2,245, amma a 2023 adadin bai kai 400 ba. Houston ya haura 300 a wannan shekara, wanda idan aka auna da yawan jama'a ya ninka na New York sau uku. Tun 2021 babban mutum a Texas yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba.

Albashi, haraji da ranar ciwo

Jihar Texas ba ta cire harajin albashi, kuma 'yan siyasarta ba sa gajiya da faɗin haka. Ma'aikaci a New York kuwa sau uku ake tatsarsa: gwamnatin tarayya ta ɗauka, jiha ta ɗauki kusan kashi 4 zuwa 10.9 cikin 100 gwargwadon samu, birni ya ƙara da nasa kashi 3 zuwa kusan 4. Houston ta kan gida yake karɓar nasa. Harajin gida yakan kai kimanin kashi 2 cikin 100 na darajarsa duk shekara, kafin rangwamen da ake yi wa mai zaune a gidansa, ga inshorar gida da guguwa ta sa ta yi tsada.

Zaman New York kamar adashi ne mai nauyin zubi: kowa na kuka ranar biya, amma akwai ranar ɗauka. Mafi ƙanƙantar albashi a birnin dala 16.50 ne a awa a 2025, alhali a Houston yana nan a dala 7.25 da gwamnatin tarayya ta yanke tun 2009. Mai jego ko mai jinyar uwa yana da hutun mako 12 da wani kaso na albashinsa, abin da dokar Texas ba ta tanada ba. Tun 2014 yaro ɗan shekara huɗu yana da gurbin makaranta kyauta. Masu kai abinci gida-gida a kan keken lantarki, waɗanda da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, sun samu nasu mafi ƙanƙantar ladan awa a ƙarshen 2023.

Houston yana da cibiyar asibitoci mafi girma a duniya, Texas Medical Center, mai ma'aikata sama da 100,000. Daga ƙasashe da dama ake zuwa asibitin MD Anderson neman maganin ciwon daji. Amma Texas ce ta fi kowace jiha yawan marasa inshorar lafiya, domin ta ƙi faɗaɗa shirin Medicaid na talakawa lokacin da dokar lafiya ta Obama ta ba da dama. A gundumar Harris, inda Houston yake, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba shi da inshora. Mai wanke kwanuka da ke hango waɗannan dogayen asibitoci daga tagar bas, idan ciwo ya kama shi, layin asibitin gwamnati na Ben Taub zai bi. A New York marasa inshora ba su kai ɗaya cikin goma ba, birnin yana da manyan asibitocinsa guda 11, ciki har da Bellevue da ke aiki tun 1736, kuma shirin NYC Care na 2019 yana karɓar maras lafiya ba tare da tambayar takardun zama ba.

Cunkoso shi ma ya karɓi nasa a 2020. A makonnin farko na Afrilu cutar korona tana kashe ɗaruruwan mutane kullum a New York, aka jera motocin sanyi a bayan asibitoci don ajiye gawarwaki. Unguwannin da suka fi jin jiki su ne na masu hawa jirgin asuba.

Wuta, ruwa da sanyi

Dokar New York ta wajabta wa mai gida ya ɗumama gini daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Dokar tana nan a takarda, amma a tsofaffin gine-gine iyalai kan kunna ƙaramar hita su ƙara. Safiyar Lahadi 9 ga Janairun 2022, irin wannan hita ta kama da wuta a wani bene mai hawa 19 da ake kira Twin Parks, a Bronx. Wutar ba ta yi nisa ba. Ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ne suka tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matattakala ya cika ginin. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, mafi yawansu 'yan asalin Gambiya. Mako guda bayan haka aka jera gawa 15 a masallaci ɗaya aka yi musu salla, jama'a sun cika titi cikin sanyi.

A Houston zafi ne da ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba rana kan kai digiri 34 ko 35 tare da gumi mai nauyi, kuma a 2023 an yi sama da kwana 40 zafi na taɓa digiri 38. Ma'aikatan ofis na tsakiyar gari suna da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu sanyi, tsawon kusan kilomita goma, inda suke cin abincin rana ba tare da sun ga rana ba. Mai ɗora rufin gida da mai jiran bas ba su da wannan gata.

A ƙarshen Agustan 2017 guguwar Harvey ta zo ta tsaya cak a yankin. Cikin kwana huɗu ruwan da ya sauka a wurare da dama ya haura mita ɗaya. Yumɓu ba ya shan ruwa, ciyayin da a da suke riƙe shi kuma an shafe su da kwalta da siminti. Madatsun Addicks da Barker suka cika, injiniyoyin soja suka buɗe ƙofofinsu don kada su fashe, ruwan ya gangara cikin unguwannin da har zuwa lokacin suna bushe. A bayan madatsun ma dubban gidaje sun nutse, domin an gina su ne a cikin filin da aka ware wa ruwa, kuma yawancin masu su ba su sani ba. Gidaje sama da 150,000 suka sha ruwa a gundumar Harris, galibinsu babu inshorar ambaliya. Masunta daga Louisiana suka jawo ƙananan jiragensu suka shiga ceto, masallatai suka buɗe ƙofofinsu, wani mai sayar da kujeru da katifu, Jim McIngvale, ya bar jama'a suka kwana a kan kayan shagonsa.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga sanyin Fabrairun 2021 ya durƙusar da wutar lantarkin Texas, wadda ke zaman kanta ba ta jone sosai da ta sauran ƙasar ba. Jihar ta ƙirga mutum 246 da suka mutu. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta sake katse wuta ga gidaje da shaguna sama da miliyan biyu a yankin Houston, wasu suka yi fiye da mako cikin zafi. Mai hali yanzu yakan girke janareta a gefen gida kafin ya yi tunanin sabon fenti. New York ma bai tsira ba: guguwar Sandy ta cika hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwan teku a 2012, kuma a Satumban 2021 ruwan guguwar Ida ya kashe mutum 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda tsadar haya ke tura mutane ciki.

Inda baƙo ke sauka

Biranen biyu na baƙi ne. A New York fiye da kashi ɗaya cikin uku na jama'a a wata ƙasa aka haife su, a Houston kusan uku cikin goma. A Bronx akwai masallatan da 'yan zangon Accra da Kumasi suka kafa, inda ake jin Hausa a bakin ƙofa bayan sallar Juma'a, ga shagunan da ake sayen waken shinkafa da tuwo. A Harlem, kan titi na 116, 'yan Senegal ne suka yi kaka-gida. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin suna hutun Ƙaramar Salla da Babba, kuma a 2023 aka yarda masallatai su ɗaga kiran sallar Juma'a da lasifika ba tare da neman izini ba. Sabon zuwa da ba shi da mota, ba shi da lasisi, ba ya jin Turanci sosai, yana iya fara neman na kansa a makon farko.

Houston kuwa yana cikin wuraren da 'yan Nijeriya suka fi taruwa a Amurka, galibinsu daga kudancin ƙasar, kuma da yawa injiniyoyin mai ne, likitoci, masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya. A yankin Alief, kan titin Bissonnet, shagunan kayan miya na gida suna maƙwabtaka da na 'yan Biyetnam da 'yan Meziko. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ciyo wa ƙungiyar Rockets kofin ƙwallon kwando a 1994 da 1995, ya sayi tsohon ginin banki a tsakiyar gari ya mayar da shi masallaci, aka buɗe a 2002. Wannan bambanci na biranen biyu ne ya sa tafiyar baƙo takan kasance hawa biyu: mutum ya sauka a New York yana saurayi ba shi da komai, ya koma Houston bayan ya samu takardar sana'a, mata da 'ya'ya uku.

Ko a cikin birni ɗaya ma rayuwar ba ɗaya ba ce. Tsakanin unguwar Upper East Side ta masu kuɗi da Brownsville a Brooklyn akwai ratar kusan shekara goma a tsawon rai, ga shi jirgin ƙarƙashin ƙasa na haɗa su. A Houston, tun 1979 masanin zamantakewa Robert Bullard ya gano cewa dukkan manyan jujin shara biyar mallakar birnin a unguwannin baƙar fata suke. Rashin dokar tsara gine-gine da ya sauƙaƙa gida shi ne kuma ya bar unguwar Manchester, ta 'yan asalin Meziko, jingine da katangar matatar mai.

A 'yan shekarun nan kowanne ya fara leƙen abin da ɗayan ke da shi. A Disambar 2024 majalisar New York ta sassauta dokar gine-gine da nufin samar da gidaje kusan 80,000 cikin shekara 15. A Janairun 2025 aka fara karɓar dala 9 daga motar da ta shiga ƙasan Manhattan don a gyara jirgi, a Nuwamba kuma masu zaɓe suka ba Zohran Mamdani, haifaffen Kampala kuma Musulmi na farko a kujerar, sarautar magajin gari, bisa alkawarin tsayar da ƙarin haya a gidajen da doka ta ƙayyade. Mutanen gundumar Harris, da aka sani da ƙin haraji, sun amince a 2018 a ciyo bashin dala biliyan 2.5 don magudanan ruwa, a 2019 kuma aka amince da wasu biliyan 3.5 don bas da jirgi. Aikin magudanan yana tafiya a hankali, tsada tana cin kuɗin. Babban layin bas mai sauri da aka tsara zai ratsa birnin ya haɗa jami'o'insa kuwa, a 2024 hukumar sufurin ta jingine shi, ta ce kuɗin ya fi ƙarfinta.